Yadda sinadarin boron ke tono tarihin teku da sauyin yanayi

Ruwan saman da manoman rake da masara na Gubuci, a Ƙaramar Hukumar Makarfi, ke jira kowace shekara daga Tekun Atilantika iskar damina ke ɗauko shi. Don haka masana ke bin diddigin yadda teku ya kasance a zamanin da duniya ta fi yanzu zafi, kuma sinadarin boron na cikin hanyoyin da suke bi.

Boron iri biyu ne: mai nauyi 10, wanda ya kai kusan kashi 20 cikin 100, da mai nauyi 11, kusan kashi 80. Idan iskar kabon ta yawaita a sararin sama, teku yakan shanye wani ɓangarenta, ruwansa ya ƙara tsami. Wasu ƙananan halittun ruwa da ake kira foraminifera, waɗanda yawancinsu ba su wuce ƙwayar yashi ba, suna shigar da boron cikin ɓawonsu, kuma tsamin ruwan ne ke ƙayyade rabon nau'in biyu a ciki. Bayan sun mutu ɓawon yakan nutse ƙasan teku. Idan aka haƙo shi aka auna, sai a gano tsamin ruwan wancan zamani, daga nan a lissafa kabon ɗin da ke sama.

Iskar da ta maƙale cikin ƙanƙarar Antatika ta ba da cikakken tarihin shekara 800,000, amma boron ya kai ga miliyoyin shekaru. Ya nuna cewa kimanin shekara miliyan 56 da suka wuce teku ya yi tsami, a lokacin da zafin duniya ya ƙaru da aƙalla digiri 5.

Ƙasar Hausa ma tana da shaidar wancan zamani. Farar ƙasar Kalambaina ta Sakkwato, wadda ake yin siminti da ita, ragowar tekun da ya ratsa Sahara ne, kuma akwai irin wannan ɓawo a cikinta.

Kafin zamanin masana'antu kabon na kashi 280 cikin miliyan, yau ya haura 420. Da irin waɗannan awon ake gwada lissafin kwamfuta da ke hasashen yanayi, wanda zai taimaka wajen sanin yadda damina za ta kasance, da ita kuma farashin hatsi a kasuwa.