Kafin a Ce "An Sallama": Abin da Mai Sayen Gida a Kano Zai Bincika

A farkon watan Yunin 2023, kwanaki kaɗan bayan rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf, motocin rusau suka fito a Kano. Suka bi ta Filin Sukuwa da tsohon Otal ɗin Daula da shagunan da aka gina a Filin Idi na Ƙofar Mata. Gwamnati ta ce filayen jama'a ne aka cefanar ba bisa ƙa'ida ba. Masu shagunan kuwa suka ce da kuɗinsu suka saya, kuma suna riƙe da takardun da aka ba su a zamanin gwamnatin da ta gabata. A watan Satumbar shekarar, Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta ba 'yan kasuwar Filin Idi gaskiya, ta ce a biya su diyyar naira biliyan 30. Daga baya aka yi sulhu a kan biliyan 3.

Waɗannan fa mutane ne masu takarda da lauya da ƙungiya. To ina ga ma'aikacin da ya kwashe kuɗin sallamarsa, ko matar da ta sayar da gwalagwalanta, suka sayi gida a bayan gari, alhali duk hujjarsu ita ce fallen takarda guda mai ɗauke da sa hannun shaidu biyu da hatimin mai unguwa? Haka ake cinikin gidaje masu yawa a Kano, kuma sau da dama ana wanyewa lafiya. Amma ranar da ba a wanye lafiya ba, abin da mutum ya tara a rayuwarsa ne ke tafiya.

Tushen maganar yana cikin Dokar Amfani da Filaye ta 1978, wadda gwamnatin mulkin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa, kuma kundin tsarin mulki na 1999 ya ba ta kariya ta musamman. Dokar ta danƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana a madadin jama'a. Saboda haka, a idon doka, wanda ya sayi gida bai sayi ƙasar ba. Ya sayi ginin da kuma haƙƙin zama a wurin, wanda a filayen gidaje galibi na shekara 99 ne. Takardar shaidar mallaka, wadda kowa ke kira satifiket, ita ce hujjar wannan haƙƙi. Sashe na 22 na dokar ya ce mai satifiket ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna, kuma Kotun Ƙoli ta jaddada haka a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo a 1989. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon karɓe fili saboda buƙatar jama'a, diyyar da ake biya kuwa ta abin da aka gina ko aka shuka ce, ba ta ƙasar ba.

Daga nan ne bambancin awon gwamnati da awon igiya ya samo nauyinsa, kuma ita ce tambayar farko da mai saye zai yi tun kafin ya tambayi farashi.

Awon gwamnati shi ne inda hukuma ta shata unguwa a taswira, ta ware tituna da magudanan ruwa da filin makaranta da na asibiti, kowane fuloti da lambarsa. Yana da tsada, kuma tsadar tana da dalili. Awon igiya kuwa gona ce mai ita ya kira masu awo suka yayyanka, hamsin-hamsin ko hamsin da ɗari, wani lokaci ma ƙasa da haka, aka bar lungun da Adaidaita Sahu zai wuce da ƙyar. Yawancin sababbin unguwannin da suka faɗaɗa birnin ta ɓangaren Kumbotso da Ungogo ta haka suka tashi, kuma ba don awon igiya ba da talakawa da yawa ba su mallaki muhalli ba. Wannan gaskiya ce da ba a musun ta. Sai dai mai yanka gona kowace ƙafa da ya bar wa hanya asara yake ganin ta, shi ya sa ba a barin wurin kwata, ba a barin wurin maƙabarta, kuma babu wanda ya duba ko gwamnati ta riga ta shata titi ta tsakiyar gonar shekaru ashirin da suka wuce. Ranar da aka tashi yin titin, jan fenti ne a bango.

Ba a ce kada a sayi awon igiya ba. Amma mai saye ya ɗauki mai safiyo na gaskiya ya fitar da lambobin wurin, a kai Ma'aikatar Ƙasa da hukumar tsara birane ta KNUPDA a tambaya: wannan wuri yana cikin wani tsari na gwamnati? An taɓa karɓar gonar an biya diyya? Wannan tambaya ta biyu ita ce ake yawan tsallakewa. Akwai gonakin da gwamnati ta karɓa tun da daɗewa ta biya masu su, ba ta yi aikin ba, 'ya'ya suka taso suka ga gonar babansu a zaune, suka yanka suka sayar.

Idan gida mai satifiket ne, ganin takardar da ido bai wadatar ba, don takardun bogi sun yi kyau yanzu. Ana rubuta takardar neman bincike ta hannun lauya a kai ma'aikatar ko hukumar KANGIS mai adana bayanan filaye a kwamfuta, a buɗe fayil. Can ne ake ganin sunan wanda ke rajista, da ko an jinginar da gidan a banki, da bashin kuɗin ƙasa na shekara-shekara da ya taru, da ko an taɓa soke takardar. A ƙarshen 2024 gwamnatin Kano ta buƙaci masu satifiket su sabunta shi, don haka a tambayi mai sayarwa ko ya yi. A kuma duba abin da aka ba da filin domin sa, saboda wanda aka ba don gidan zama ba a mayar da shi shaguna sai da izini. Ko satifiket na gaskiya ma, kotunan Najeriya sun sha cewa ba ya goge haƙƙin wanda ya riga mallakar wurin da ingantacciyar hujja.

Sai gidan gado, inda aka fi yin kuka. A cikin ganuwa da tsofaffin unguwanni irin su Fagge da Gwammaja, gidaje da dama da ke kasuwa na gado ne, kuma farashinsu kan ja hankali saboda magada na son a raba kuɗi kowa ya kama gabansa. Yadda abin ke faruwa sananne ne. Babban wa ne ke gaba, shi ke riƙe da takardu, shi ke cewa "duk mun amince". Mai saye ya ga dattijo kamili, ya ji nauyin ya ce a kira sauran. Ya biya, ya fasa soro ya yi gareji, ya saka tayil, ya tare da iyali. Bayan shekara biyu sai ga sammaci: wata ƙanwa da ke aure a Gusau ta ce ita ba ta sani ba, ko marayun wani ɗan'uwa da ya rasu bayan mahaifinsa sun girma sun zo neman kason ubansu. A shari'a mutum ba ya sayar da abin da ba nasa ba, kuma girman shekaru ba wakilci ba ne. Akwai kuma haƙƙin shuf'a a mazhabar Malikiyya, wanda ya ba abokin tarayya a kadarar da ba a raba ba damar ya biya kuɗin da baƙo ya biya ya karɓe kason da aka sayar.

Maganin wannan ba shi da wahala, kunya ce kawai ke hana shi. A nemi takardar rabon gado daga kotun shari'ar Musulunci. Idan ba a raba ba, to a lissafo magada kaf, maza da mata, kowa ya sa hannu da kansa ko ta hannun wakilin da ya naɗa a rubuce. Idan akwai ƙananan yara a ciki, alƙali ne zai ba da izinin sayar da kasonsu, ba kawu ba. Dattijon da ya fusata don an nemi haka, fushin nasa ma amsa ce.

Dillali kuwa a san matsayinsa. Ya san gari, ya san wanda ke cikin matsi, ya san gidan da bai fito kasuwa ba tukuna, kuma da wuya a yi ciniki babu shi. Amma la'adarsa, wadda aka fi ambaton kashi 5 cikin 100, ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa, don haka ba shi ne zai ce maka ka dakata ba. Sau da yawa ma ba dillali ɗaya ba ne, jerin gwano ne na mutum huɗu ko biyar, kowa ya ɗora nasa a kan kuɗin da mai gida ya faɗa. A yanke maganar la'ada tun farko, a san wa zai biya, sannan a dage sai an zauna da mai gidan ido da ido an ga katin shaidarsa ya yi daidai da sunan da ke takarda. Kalmar "akwai wani Alhaji da zai kawo kuɗi gobe" ta girmi duk wanda ke karanta wannan shafi. Gidan da ba zai jira binciken mako biyu ba, a bar wa Alhajin.

Lokacin duba gida ma yana da muhimmanci. Gida a watan Maris da gida a watan Agusta ba ɗaya ba ne. Kano gari ne na kududdufai, an cike da yawa daga cikinsu da shara an yi gini a kai, ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. Ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a damunar 2022 ta lalata dukiya mai yawa, kuma an ɗora laifin a kan gine-ginen da suka toshe magudanai. Mazauna Bulbula da Gayawa sun shafe shekaru suna kallon zaizayar ƙasa tana cin gidaje. Wanda ba zai iya jiran damina ba, ya duƙa ya dubi gindin katanga: idan siminti na ɓarɓashi, ko akwai farin gishiri-gishiri da layin danshi kamu biyu daga ƙasa, ko an yi sabon fenti a ƙasan bango kaɗai, to bangon ya faɗi abin da dillali bai faɗa ba. A dubi dokin ƙofar maƙwabta. Inda kowane gida ya ɗaga nasa da bulo biyu ko uku, ba ado suke yi ba. A leƙa rijiya, a tambayi mai shayi ko mai kanti na bakin layi nawa ake sayen jarkar ruwa a watan Afrilu, kuma yaushe rabon unguwar da wuta.

A ɗaga kai sama kuma. Babban layin wuta mai ƙarfin kilobolt 330 yana da haramin mita 50, mai 132 kuma mita 30, kuma duk ginin da ya shiga ciki ba shi da kariya. A nemi takardar izinin gini ta KNUPDA. Idan bene ne, ko gidan da aka gina don sayarwa, kuɗin injiniyan da zai duba ginshiƙai da dakin ba asara ba ne. Tun da buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024, jarabar rage siminti da rodi ta ƙaru, fenti da silin na zamani kuwa suna rufe komai. Benen da ya rufta a titin Beirut a watan Agustan 2022 ana cikin gininsa ne.

Game da biyan kuɗi, dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta haramta wa mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba, kamfani kuma miliyan 10. Ko ba don doka ba, tura kuɗi ta banki zuwa asusun mai gidan da kansa, ba na dillali ko ɗansa ba, hujja ce da ba ta ɓata. Kafin alƙalami ma a rubuta shi, a faɗi sharaɗin mayar da shi idan bincike ya gano matsala. Mai jin cewa rubutu rashin yarda ne ya tuna cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki take.

Mai albashi da kuɗinsa bai kai ba yana da Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, inda ake cire kashi 2.5 cikin 100 na albashi, Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya kuma ya ba da rance a kan ruwan kashi 6 cikin 100 har zuwa shekara 30. Mai gudun riba yana iya tuntuɓar bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJBank. Dukkansu za su nemi ingantacciyar takardar gidan, kuma a nan ne awon igiya ke tsayawa a bakin ƙofa.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi watsarwa. An biya, an karɓi mukulli da satifiket, an yi walima, sai a jefa takardun a ƙasan akwati da sunan tsohon mai gida a jiki, don gudun kuɗin lauya da harajin hatimi da na rajista. Dole ne lauya ya rubuta takardar miƙa mallaka, a nemi amincewar gwamna, a yi mata rajista a ma'aikata. Wanda ya sayi awon igiya shi ma ya fara neman satifiket da sunansa tun mai sayarwa da shaidu suna raye, tun mai unguwar da ya buga hatimi yana kan kujera. Muddin ba a yi haka ba, a littafin gwamnati gidan na wanda ya sayar ne, kuma idan ya rasu, da magadansa za a koma neman sa hannu.