Gasar Mutum-mutumi: Me Alƙalai Ke Dubawa Kafin Su Miƙa Kofi?

A gasar ƙera mutum-mutumi ta ɗaliban sakandare da ƙungiyar FIRST ke shiryawa a Amurka tun 1992, lambar yabo mafi daraja ba ta waɗanda na'urarsu ta lashe wasan ƙarshe ba ce. Ana ajiye ta ne don rukunin ɗaliban da suka fi amfanar da al'ummarsu, wato waɗanda suka koyar da ƙannensu, suka taimaki wata makaranta ta kafa nata kulob, suka sa yaran unguwa suka so kimiyya. Wannan tsari ya cancanci iyaye da malamai na Gusau da Tsafe da Bungudu su tsaya su dube shi, domin da yawa daga cikinmu mun ɗauka irin wannan gasa ta 'ya'yan masu hali ce, wanda ya fi tsadar kaya shi ke tafiya da kofi.

Mutum-mutumin da ake kai wa gasa ba lallai ne ya yi siffar mutum ba. Galibi 'yar na'ura ce mai tayoyi, da hannun ɗauka ko turawa. Abubuwa uku ke sa ta aiki: na'urorin da ke gane launi ko nisa ko taɓawa, ƙaramar kwamfuta da ke ɗauke da umarnin da ɗalibai suka rubuta, da ƙananan injina masu juya tayoyi da hannu. Idan yaro ya rubuta cewa ta bi baƙin layi, ta tsaya in ta ga ja, abin da za ta yi ke nan. In ta kauce, to akwai kuskure ko dai a umarnin ko a ƙirar, kuma gano inda kuskuren yake shi ne ainihin karatun.

Yadda ake raba maki

Mu ɗauki gasar FIRST LEGO League, wadda aka fara a 1998, kuma gidauniyar Coderina ke shirya ta a Najeriya. Yara ne da ba su wuce goma ba a kowane rukuni, kuma ana auna su ta fuska huɗu masu nauyi iri ɗaya.

Ta farko ita ce wasan kan tebur. Ana ba na'ura minti biyu da rabi ta aiwatar da ayyukan da aka jera, kowane aiki da makinsa. Wannan ne ɓangaren da 'yan kallo ke gani suna sowa, amma kashi ɗaya ne kacal cikin huɗu.

Ta biyu ita ce ƙira. A nan yara ke zama gaban alƙalai su bayyana dalilin da ya sa suka zaɓi wannan taya suka bar waccan, da abin da ya ƙi aiki a gwajin farko, da yadda suka gyara. Alƙali ya fi son jin tarihin gyare-gyare fiye da ganin na'ura mai sheƙi. Shi ya sa littafin da ɗalibai ke rubuta gwaje-gwajensu, da zanen hannu da kwanan wata, yake da daraja ƙwarai. A nan ne kuma asirin mai maguɗi ke tonuwa. Idan malami ne ya haɗa na'urar, ko an kai wa mai gyaran rediyo ya ƙera, tambaya biyu ta isa, don yaron da bai ɗaura waya da hannunsa ba ba zai iya faɗin abin da take yi ba.

Ta uku ita ce aikin bincike. Kowace shekara ana ba da jigo, kamar ruwa ko makamashi ko sufuri, a ce yara su nemo wata matsala ta gaske, su tambayi waɗanda abin ya shafa, su kawo mafita.

Ta huɗu ita ce ɗabi'a: ko kowa a rukunin yana da bakin magana, ko yaro ɗaya ne ya danne sauran, da yadda suke mu'amala da abokan hamayya. Rukunin da ya ara wa abokin karawarsa batir ana dab da shiga fili ba ya asara, alƙalai na lura. Babban kofi yana zuwa ne ga waɗanda suka taka rawar gani a dukkan fuskokin nan.

Mutanen Zamfara ba baƙi ba ne ga irin wannan awo. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara a 1986, ba a ba da maki kan daɗin murya kaɗai. Akwai na hadda, akwai na tajwidi, kuma ana hawa daga ƙaramar hukuma zuwa jiha zuwa ƙasa. Wanda ya fahimci wannan ya riga ya fahimci rabin tsarin gasar mutum-mutumi.

Waɗanda suka fito daga inda ba a zato

A watan Yulin 2017 aka yi gasar FIRST Global ta farko a birnin Washington, inda ƙasashe fiye da 150 suka turo wakilai. 'Yan mata shida daga Herat ta Afganistan sun nemi biza har sau biyu ana hana su, sai dab da gasar aka ba su izinin shiga. Ba na'urarsu ce ta zo ta ɗaya ba, amma sun koma gida da lambar azurfa ta jarunta, wadda ake ba rukunin da ya jure wahalhalu ya iso fili. A watan Mayun 2019 kuwa, ɗalibai mata na makarantar Methodist da ke garin Mamfe a Ghana suka doke abokan karawarsu a gasar duniya ta Robofest a jihar Michigan. A Senegal, Dokta Sidy Ndao ya kafa gasar mutum-mutumi ta Afirka da ke tara ɗalibai a Dakar. Nan kusa da mu, a Kano, ƙungiyar Kabara ta Injiniya Hadiza Garbati tana koya wa 'yan mata haɗa irin waɗannan na'urori.

Zamfara na da nata ƙalubalen, kuma ba ɓoyayye ba ne. Sace ɗaliban Jangebe a Fabrairun 2021, da rufe makarantu da katse layukan waya a Satumban shekarar, sun mayar da karatu baya, har Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a Nuwamban 2023. Duk da haka, fuska uku daga cikin huɗun da aka lissafa ba kuɗi ke sayen su ba. Littafin rubutu da fensir, da haɗin kai, da sanin matsalar gari, duk suna hannunmu. Yaron da ya saba ƙera mota da kara ko gwangwani ya riga ya san cewa taya in ba ta daidaita ba mota ba ta tafiya sak.

A fagen bincike ma ɗan karkara ya fi ɗan birni abin faɗa. Ɗalibi a Bungudu da ke taya mahaifinsa noman rani zai iya haɗa na'urar da ke auna danshin ƙasa ta kunna injin ban-ruwa sai lokacin da ake buƙata, a rage ɓarnar mai. Ɗaliba a Tsafe za ta iya yin abin da ke faɗakar da manomi in danshi ya yi yawa a rumbu. A Gusau, ƙararrawar da ke sanar da cikar tankin ruwa aiki ne da ɗan ƙaramar sakandare zai iya. Ƙaramin allon Arduino, wato ƙaramar kwamfutar da ke ɗauke da umarni, da 'yan wayoyi, da batir da ake caji da sola sun isa a fara. Masu jagora kuma ba sai an je nesa ba: akwai Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, da Kwalejin Ilimi ta Fasaha ta Tarayya da ke horar da malamai mata a Gusau, da kwalejojin kimiyya da fasaha na Ƙauran Namoda da Talatar Mafara.

Karramawar da ke haifar da ɗa mai ido

Yabon gwani ya zama dole, amma yabo iri-iri ne. Wanda muka fi sabawa da shi shi ne taro, da jawabi, da hoto da manyan baƙi, da alkawarin da kan daɗe bai cika ba. Kofi ya tafi ofishin shugaban makaranta, na'ura ta shiga kwali, shekara mai zuwa a sake farawa daga tushe.

Tarihin Jelani Aliyu ya nuna wata hanyar. Tallafin karatu na tsohuwar Jihar Sakkwato, lokacin da Zamfara ke cikinta, shi ya kai shi koyon zanen mota a Detroit. Daga nan ya shiga kamfanin General Motors, ya zana motar Chevrolet Volt, sannan a 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar bunƙasa ƙera motoci ta Najeriya. Abin da aka ba shi dama ce ta ci gaba da koyo, kuma irin kyautar da ta dace da yaro mai basira ke nan.

Don haka duk wanda zai shirya gasa, ko makaranta ce ko ƙaramar hukuma ko wani mai hali, ya kula da wasu abubuwa. A bayyana ma'aunin maki tun kafin a fara, kowa ya san abin da ake nema. A ɗauko alƙalai daga wajen makarantun da ke fafatawa. A ware lambobi daban-daban, har da ta rukunin da ya zo karo na farko da ta wanda ya fi amfani da kayan gida, don kada makarantar ƙauye ta zo sau ɗaya ta yanke ƙauna. A karrama rukuni gaba ɗaya, ba mai riƙe da makirufo kaɗai ba, kuma a haɗa da malamin da ya sadaukar da ranakun hutunsa. Kyautar ta ƙunshi kayan aiki da za su zauna a makaranta, da kuɗin jarrabawa ko tallafin karatu, a kuma miƙa ta a ranar, ba a kan takarda ba. Waɗanda ba su ci ba a ba su takardar makinsu da bayanin inda suka gaza.

Iyaye kuma, musamman na 'ya'ya mata, su nemi a riƙa yin atisaye da rana a harabar makaranta ƙarƙashin kulawar malamai, maimakon su hana shiga. Ba a fafe gora ranar tafiya: makarantar da ke son ganin ɗalibanta a gasar ƙasa a Abuja, sai ta kafa kulob tun wannan zangon, ko da yara biyar ne da malami ɗaya, ta saya musu littafin rubuta gwaji, ta kuma gayyaci makarantar da ke maƙwabtaka da ita su fara gwada juna.