Sirrin Waya a Ƙaura, Shinkafi da Zurmi: Wa Ake Ɓoye Wa?

Ranar 3 ga Satumban 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe sabis a faɗin jihar Zamfara, bisa roƙon gwamnan wancan lokaci, Bello Matawalle. Mako biyu aka ce. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, amma sauran ƙananan hukumomi, har da Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, sai wajen ƙarshen Nuwamba aka ba da umarnin maido musu. A tsakanin nan mutum kan biya kuɗin mota zuwa Sakkwato, ko Funtuwa kafin ita ma a yanke nata, don kawai ya shaida wa ɗansa da ke Legas cewa ana nan da rai. Hujjar gwamnati ita ce ta waya ake kai wa 'yan bindiga rahoto: wane ya sayar da shanu, wace mota ta ɗauko fatake, ta ina jami'an tsaro suka bi.

A farkon 2021 ɗin kuma, can duniya ana wata hayaniya daban. WhatsApp ya fito da sabbin sharuɗɗa a Janairu, ya ce ko ka amince kafin 8 ga Fabrairu ko ka rasa asusunka. Miliyoyin mutane suka tsere zuwa Signal da Telegram, har kamfanin ya ɗage wa'adin zuwa 15 ga Mayu. Su abin da suke tsoro shi ne Facebook mai WhatsApp ɗin ya san su fiye da kima, ya yi kasuwancin talla da su. Tsoro ne mai tushe, amma ba shi ne ke hana ɗan kasuwar Shinkafi barci ba. Shi damuwarsa kada wani a cikin gari ya san ranar da zai kama hanya da abin da ke aljihunsa. Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni wace manhaja ce ta fi sirri, nakan fara mayar masa da tambaya: wa kake ɓoye wa? Kamfani, ko hukuma, ko ɗan damfara, ko wanda kuke sahu ɗaya a masallaci? Amsar kowanne daban take.

Karɓi wayar kowane matashi a Ƙaura, ko ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya ne ko mai awon hatsi, kusan abu ɗaya za ka tarar cikin Tecno ko Infinix ko Itel ɗinsa. WhatsApp na gaba, musamman saboda saƙon murya, wanda ya shigo da dattijo da uwargida da ba su saba da rubutun boko ba cikin hira. Sai Facebook Lite mai sauƙin data, da TikTok, da Xender na tura fim da wa'azi ba tare da sabis ba, da Opera Mini, da manhajar Alƙur'ani. OPay da PalmPay sun samu gindin zama tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023. Masu ɗan shekaru na tuna 2go, wanda ya yi zamaninsa ya wuce. Yawancin waɗannan ba mai wayar ne ya sauko da su da kansa ba. A rumfar caji da tura finafinai aka zuba masa, kuma matsalar daga nan take farawa.

"Alhaji, a sa maka GB? Ya fi na kamfani. Za ka ga saƙon da aka goge, ba kuma wanda zai san ka karanta."

Haka ake tallarsa, kuma ba ƙarya yaron ya yi ba, yana yin waɗannan abubuwan. Sai dai GB WhatsApp da 'yan'uwansa irin su FM da Yo ba na kamfanin WhatsApp ba ne. Wasu ne da ba a san su ba suka ɗauki na ainihi suka sauya masa ciki, shi ya sa ba ka samunsa a Play Store, sai ta Xender ko wani shafi. A Agustan 2021 kamfanin tsaron kwamfuta na Kaspersky ya gano wata muguwar manhaja mai suna Triada cikin wani samfurin FMWhatsApp, mai iya karanta saƙon tes, ta kuma shigar da mutum tsarin cire kuɗi bai sani ba. A tuna ta saƙon tes banki ke turo lambar tabbatarwa. Ga kuma rufe layi da WhatsApp kan yi wa masu amfani da irinsu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da sunan sirri ake sa shi: mutum ya ɓoye wa budurwarsa cewa yana kan layi, ya miƙa dukan hirarsa ga wanda bai san ko a wace ƙasa yake ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Akwai wasu biyu da ke kwasar bayanai a fili, da izinin mai waya. Truecaller, na wani kamfanin Suwidin, yana nuna maka sunan mai kira ne saboda tarin sunaye da lambobin da ya tattara daga jama'a, don haka sunan da wani ya adana ka da shi na iya bayyana a wayar baƙo. Hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, NITDA, ta buɗe bincike a kansa a 2019. Sai manhajojin bashi, waɗanda kan nemi izinin shiga lambobinka kafin su ba ka naira dubu goma, ranar da ka makara kuma surukinka da limaminku su samu saƙon cewa kai ɓarawo ne. NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 a Agustan 2021 kan irin wannan, Google kuma ya hana manhajojin bashi taɓa lambobi da hotunan mutane daga ƙarshen Mayun 2023. Waɗanda ake turawa ta bayan fage wannan doka ba ta kai gare su.

Shi WhatsApp na ainihi fa? A nan ya kamata a yi masa adalci, don ana yawan yi masa ƙazafi. Tun Afrilun 2016 duk saƙo da kira da hoto a cikinsa a kulle suke tun daga wayar mai aikawa, ba sa buɗuwa sai a wayar mai karɓa. Kamfanin waya ba ya iya karantawa, Meta mai WhatsApp ɗin ma haka. Abin da kullen bai rufe ba shi ne bayanan gefe. Kamar ka ba direban motar Ƙaura zuwa Zurmi wasiƙa a liƙe ne: bai san abin da ke ciki ba, amma ya san kai ka bayar, ya san gidan da zai kai, ya san kuma duk mako sai ka aika. Lambarka, lambobin da ke wayarka in ka ba da izini, irin wayar, adireshin intanet da ke nuna yankin da kake, lokutan da kake hawa, sunaye da hotunan guruf ɗinka, duk kamfanin na gani. Kan yadda ake sarrafa irin waɗannan bayanai ne hukumar kare masu sayayya ta FCCPC ta ci tarar Meta dala miliyan 220 a Yulin 2024, kotun sauraron ƙorafi ta kuma tabbatar da hukuncin a Afrilun 2025. Layin kansa, tun umarnin haɗa shi da lambar NIN na Disamban 2020, yana ɗauke da sunanka na gaskiya.

Telegram ne mutane suka fi yi wa gurguwar fahimta. 'Yan'uwa biyu 'yan Rasha, Pavel da Nikolai Durov, suka kafa shi a 2013, yanzu yana Dubai. Wajen littattafai da karatuttukan malamai da manyan fayiloli ba shi da na biyu, guruf ɗaya na ɗaukar mutum 200,000. Amma hirar yau da kullum a cikinsa ba ta da wancan kulle na waya zuwa waya. A rumbun kamfanin take zaune, makullin na hannunsu. Sai ka buɗe hirar sirri da gangan, ita ma tsakanin mutum biyu kawai, ban da guruf. Bayan kama Pavel Durov a Faransa a Agustan 2024, kamfanin ya sanar cewa zai riƙa ba hukumomi lambar waya da adireshin intanet na waɗanda ake tuhuma in an zo da takardar shari'a. Wanda ya bar WhatsApp ya koma Telegram don neman sirri baya ya ci.

Signal ne zaɓina, kuma ba na ɓoyewa. Kullen da WhatsApp ke tinƙaho da shi ma daga wurin masu Signal ya aro. Gidauniya ce ke riƙe da shi, ba ta talla, ba ta neman riba. Moxie Marlinspike ya kafa ta a 2018 tare da Brian Acton, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka ƙirƙiro WhatsApp a 2009 suka sayar wa Facebook a 2014 kan kimanin dala biliyan 19. Acton ya bar can, ya zuba dala miliyan 50 a nan. Da wata kotu a jihar Bajiniya ta Amurka ta nemi bayanan wani mai amfani da shi a 2016, abu biyu kacal suka samu bayarwa: ranar da ya yi rajista da ranar da ya hau na ƙarshe. Ga mutanenmu kuwa, abin da ya fi wannan amfani shi ne sauyin 2024. Yanzu kana iya ba mutum laƙabi maimakon lamba, kuma wanda bai riga ya adana lambarka ba ba zai gan ta ba ko kuna guruf ɗaya. Kwatanta da guruf ɗin WhatsApp na 'yan unguwa ko na 'yan kasuwa, mai iya ɗaukar mutum 1,024, inda kowa kan bi jerin mambobi ya kwashi lambobi da hotuna. Signal ɗin saƙon murya da kiran bidiyo duk yana yi. Aibinsa ɗaya ne, kuma babba: ka sauke shi ka tarar ba kowa. Don haka ban ce a goge WhatsApp ba, ba mai yi. A dai samu mutum biyar ko shida da ake maganar kuɗi da tafiya da su, uwargida, ƙane, abokin ciniki, yaron shago, a koma can tare.

Ko Signal ɗin ma ba ya maganin sakaci. A Maris na 2025 manyan jami'an tsaron Amurka suna tsara harin Yaman a wani guruf na Signal, sai ga shi an saka editan mujallar The Atlantic, Jeffrey Goldberg, cikin kuskure, ya zauna yana karantawa. Kullen bai karye ba, mutum aka shigo da shi. To bare guruf ɗin gari da aka tura mahaɗinsa a Facebook, ba wanda ya san rabin mutanen ciki, amma ana rubuta "mun taso daga Gusau, mota uku ne". Da ɗan gari akan ci gari. Sanarwar tafiya, da hoton kuɗin da aka karɓo, da bidiyon sabbin shanu a sitatus, ba manhajar da za ta tsare wanda ya saka su da hannunsa.

Wasu kan tambayi manhajar da ke aiki in an sake ɗauke sabis. Akwai Briar, mai tura saƙo ta Bluetooth daga waya zuwa waya, amma 'yan taku kaɗan yake kaiwa, ba zai haɗa Zurmi da Gurbin Ɓore ba. Bridgefy ya yi suna a zanga-zangar Hong Kong ta 2019, sai masu bincike a jami'ar Royal Holloway ta Landan suka nuna a 2020 cewa ana iya karanta saƙonninsa a kuma yi sojan gona. Kada a dogara da su.

Inda aka fi yi wa mutane ɓarna a zahiri wuri ne mai sauƙi. Waya ta yi ƙara: "Salamu alaikum Malam, daga guruf ɗin tsofaffin ɗalibai ne, za mu yi taro ta intanet da daddare. An turo maka lamba shida yanzu, karanto min in sa ka." Ka karanto, asusunka ya koma wayarsa, kafin la'asar ya roƙi duk danginka kuɗin asibiti da sunanka. Wannan lamba ba a ba kowa ita, ko da ya ce daga kamfani yake. Cikin saitin WhatsApp akwai tabbaci na mataki biyu, inda za ka sa lambar sirri taka ta kanka, Signal ma yana da irinsa. Minti biyu ne. A wurin kuma za ka taƙaita masu ganin hotonka, ka hana a jefa ka guruf ba izini, ka kunna saƙo mai goge kansa bayan awa 24 ko kwana 7, domin wayar da aka ƙwace a hanya abin da ya rage a cikinta kawai za a karanta. In kana adana hirarka a Google, kunna kullen ajiyar da aka ƙaro a Oktoban 2021, don ba ya kunna kansa.

Sai rumfar caji. Inda wuta ba ta zama, waya kan yini a hannun wani, a jere da wasu hamsin, an manna mata lamba da salatif. Yawancin masu wannan sana'a mutanen kirki ne masu neman halak, amma rumfa wurin shige da fice ce. Wayar da ba kulle, ko wadda zanen buɗe ta kowa a majalisa ya haddace, ƙasa da minti ɗaya ya isa a haɗa WhatsApp ɗinta da wata na'ura, daga nan duk abin da ya shigo ana gani daga nesa. Kashe ta kafin ka miƙa. In mai gyara ya ce sai ka ba shi lambar buɗewa, tsaya a kansa, ko ka cire layi da katin ajiya tukuna. Da ka karɓo, shiga jerin na'urorin da aka haɗa da asusunka, har huɗu yake ɗauka. Duk wadda ba ka gane ba, fitar da ita.