Daga Buhun Siminti Zuwa Kwalin Magani: Yadda Ibrahim El-Salahi Yake Zane

A gidan adana zane-zane na jami'ar Cornell da ke Amurka akwai wani zane na baƙi da fari wanda ya cika bango. Jama'a ce a cunkushe, an ɗaga hannuwa a dunƙule, fuskoki dogaye, ƙasusuwa a fili. Sunansa The Inevitable, wato abin da ba makawa, kuma Ibrahim El-Salahi na ƙasar Sudan ne ya zana shi da tawada tsakanin 1984 da 1985. Wanda ya matsa kusa zai ga ba falle ɗaya ba ne. Kwalaye tara aka jera har suka zama hoto guda.

Ba don zanen ya shiga akwati aka raba shi haka ba. Yadda mutumin yake aiki ke nan. Yawancin waɗanda suka koyi zane a makarantun Turai sukan tsara hoton gaba ɗaya a ƙaramar takarda, su auna inda kowane abu zai zauna, sannan su kwafe shi a babban yadi. El-Salahi yakan fara da ɗan abu guda, ido ko lanƙwasar harafi, bai san inda za a kwana ba. In layi ya kai bakin takarda yana neman wucewa, sai ya kawo wata ya jona. Kamar gidan gandu ne: ba wanda ya zauna ya tsara ɗakuna goma sha biyu tun farko, da ɗaki ɗaya aka fara, iyali na ƙaruwa ana matsar da katanga. Saboda haka ɗan zanen yau da kullum, wanda wasu ke ɗauka motsa hannu ne kawai kafin a shiga aikin gaske, a wurinsa shi ne aikin gasken.

An haife shi a Omdurman a 1930. Mahaifinsa malamin addini ne mai makarantar allo, irin wadda Sudaniyawa ke kira khalwa. Duk wanda ya yi karatun allo a Kano ko Damagaram ya san abin da allo ke yi wa hannun yaro. Ka rubuta, ka karanta, ka wanke, gobe ka sake. Alƙalamin kara ne ke koya maka inda za ka danna da inda za ka sassauta. Ba wanda ke ajiye rubutun jiya, an wanke shi, amma hannu ya riƙe. In yaro ya kai wani matsayi a karatu kuma sai a ƙawata masa allo da zane mai launi, sharafa a wurinsu, zayyana a wurinmu. Ashe tun kafin El-Salahi ya san akwai wata sana'a wai ita zane, ya riga ya saba da abubuwa biyu da za su riƙe shi har tsufa: layin baƙar tawada a kan farin fili, da maimaita shi kullum ba tare da jin zafin abin da aka goge ba.

Ya yi karatun zane a Kwalejin Gordon da ke Khartum, daga nan gwamnati ta tura shi makarantar Slade ta Landan daga 1954 zuwa 1957. Ya ƙware a abin da ake koyarwa a can, zanen jikin ɗan Adam da auna nisa da kusa da sarrafa fentin mai. Da ya dawo gida ya baje kolin ayyukansa a Grand Hotel na Khartum, sai mutanen gari suka zo, suka yi masa barka, suka tafi. Abin bai taɓa su ba. Shi da kansa ya sha ba da labarin nan a matsayin abin da ya juya masa tafiya. Maimakon ya ce mutanensa ba su waye ba, kamar yadda wasu 'yan boko suke yi in kayansu ya yi kwantai, sai ya tafi ya duba abin da suke ratayewa a ɗakunansu. Ya tarar da ayoyi da aka rubuta da kyakkyawan hannu, da faifai masu launi, da ado a jikin fata da ƙwarya.

Gwajin da ya biyo baya da alƙalami ya yi shi, shafi bayan shafi. Yakan ɗauki harafin Larabci ya miƙe shi, ya karya shi, ya raba shi da kalmar da yake ciki har ya daina karantuwa. Sai ya duba filin da ke tsakanin harafi da harafi. A nan ne fuskoki suka fara leƙowa, da tsuntsaye da dabbobi da jinjirin wata. Launukansa ma suka koma na ƙasar Omdurman, ja-ja da ruwan ƙasa da baƙi. Ɗaya daga cikin manyan zanensa na farkon shekarun 1960, wanda yanzu yake hannun gidan Tate na Landan, a kan damuriya ya yi shi, farin saƙin auduga na Sudan. Shi da Ahmed Shibrain da Kamala Ibrahim Ishaq su ne ake fara ambata in ana zancen masu zanen Khartum na wancan zamani.

Nijeriya ta san shi da wuri. A 1961 ya baje koli a kulob ɗin Mbari na Ibadan, matattarar su Wole Soyinka da Chinua Achebe da Ulli Beier, kuma a shekarar da ta biyo Mbari ta buga ɗan littafi na zane-zanensa. Lokacin kuwa su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya, waɗanda suka kafa ƙungiyar ɗaliban zane a Zariya a 1958, suna fama da tambaya iri ɗaya: me za a yi da darasin Bature, me za a yi da gadon gida? Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango. El-Salahi ya koma ga allo. Abin da ke ba ni mamaki, a garin Zariya aka yi wannan muhawara, inda zayyanar allo da adon bangon soro ke ko'ina, amma amsar da ta fi kusa da mu daga bakin kogin Nilu ta zo.

Ya kuma yi wa littattafai hotuna. Fassarar Ingilishi ta Ursuz Zain, labarin abokinsa Ɗayyib Salih, wadda kamfanin Heinemann ya buga a ƙarshen shekarun 1960, da zanensa ta fito. Mai yi wa littafi hoto ba shi da damar fenti iri-iri, injin bugu baƙi ya sani, kuma shafi ƙarami ne. Wannan ma horo ne, ko da yake a lokacin bai san ranar da zai buƙace shi ba.

Ranar ta zo a Satumban 1975. Yana babban jami'i a ma'aikatar al'adu ta gwamnatin Ja'afar Numairi aka yi yunƙurin juyin mulki, aka zarge shi da hannu a ciki, aka kai shi kurkukun Kobar. Wata shida da kwana takwas ya yi, ba a gurfanar da shi gaban alƙali ba. An haramta wa fursuna takarda da abin rubutu, wanda aka kama kuma ɗakin kaɗaici ne makomarsa. Ya samu guntun fensir. Takardarsa ita ce irin mai kaurin nan ta buhun siminti, yana yayyaga ta ƙanana yadda za ta ɓuya a tafin hannu. Ya yi zane a guntu ɗaya, in gandiroba ya doso ya binne shi a rairayi. Da yake guntu ɗaya ba ya ɗaukar hoto, sai ya zana tsakiyar a wannan, gefen a wancan, yana haɗa su a zuci. Hanyar da ta haifi kwalaye taran nan na Cornell a tsakar gidan Kobar aka haife ta, kuma tunanin zanen kansa a can ya fara zo masa.

Bayan an sake shi a Maris na 1976, yana zaune a gida ana sa masa ido, ya ɗauki littafin zane ya cika shi da tawada. Ƙofofin ƙarfe, igiyar rataya, fuskoki a bayan sanduna, tsuntsu, da rubutun Larabci na addu'a da tunani yana zagaye hotunan, wani lokaci ma rubutun ne ke zama jikin mutumin. Littafin, mai zane 38, yana gidan adana zane-zane na MoMA da ke New York yanzu, kuma a 2018 an buga kwafinsa tare da Gidauniyar Fasaha ta Sharjah da sunan Prison Notebook.

A nan ne masu ba da labarinsa sukan zarme. Sai ka ji kamar kurkuku ne ya yi shi, kamar wahala wata makaranta ce da ya kamata kowane mai zane ya shiga. Ban yarda ba. Dubban mutane sun shiga Kobar tun da Turawan Ingila suka gina shi, kuma mafi yawansu ba abin da suka fito da shi sai ciwo. Mutumin da aka kulle a 1975 ɗan shekara arba'in da biyar ne, wanda hannunsa ya yi shekaru yana aiki kowace rana, a allo, a Slade, a shafin littafi. Kurkuku ya ƙwace masa yadi da fenti da ɗakin aiki, abin da ya rage shi ne wanda ba a iya cajewa a ƙofa. Da a ce shi mai jiran ilhama ne, wanda ba ya taɓa alƙalami sai an ba shi kwangila, da guntun fensirin nan bai tsinana masa komai ba.

Ya bar Sudan ya koma Katar, inda ya yi shekaru yana aikin gwamnati a fannin yaɗa labarai, kuma tsawon lokaci kusan baƙi da fari kawai yake yi. A 1998 ya zauna a Oxford ta Ingila. A can, nesa da gida, ya kama zanen bishiya ɗaya yana maimaitawa, wadda Sudaniyawa ke kira haraz. Gawo ne, wanda kowane manomi a ƙasar Hausa ya san halinsa: da damina, lokacin da kowace bishiya ke kore, shi ya zubar da ganye, da rani kuma ya yi shar. Mutanen Sudan suna cewa faɗa ya yi da ruwan sama. Wanda ya je neman reshe da ganye a waɗannan zane-zane ba lallai ya samu ba. Sau da yawa layuka ne miƙaƙƙu siri-siri na tawada mai launi, gangar jiki a tsakiya, sauran suna fita daga gare ta hagu da dama. Ya ɗauki abu guda ya yi ta juya shi shekara da shekaru, yau ya rage, gobe ya ƙara, ya ga iya inda bishiya za ta kai tana nan bishiya. An san shi kuma da yin salla kafin ya zauna aiki, kuma mai kallon jerin gawon nan ba zai rasa jin wani abu na mai jan carbi a cikinsu ba.

Girmamawa ta zo a makare. Lambar yabo ta Yarima Claus ta ƙasar Holan a 2001, sannan babban baje koli na ayyukan rayuwarsa wanda Salah Hassan ya shirya, ya fara a Sharjah a 2012, ya isa Tate Modern a 2013. Shi ne mai zane ɗan Afirka na farko da gidan ya yi wa irin wannan. Yana da shekara tamanin da biyu.

Sai jiki ya fara nasa hukuncin. Ciwon baya da na jijiyar ƙafa suka hana shi tsayawa gaban babban yadi. Daga wajen 2016 ya koma zane a zaune a kujera, kuma takardar da ta fi kusa da hannunsa ita ce kwalin magungunan da yake sha. Yakan warware kwalin ya shimfiɗa, cikinsa fari ne, ga alamun ninki, ga 'yan kunnuwa a gefe. Ninkin yakan zama firam, ko ya raba fuska biyu, kunnen kwali ya zama hula ko haɓa. Wani lokaci bayan ambulan ɗin wasiƙa ne. Ya ce in yana zanen yakan manta da ciwon, shi ya sa aka kira su zanen rage zafi. Lokacin kullen korona ya yi jerin zane 99 a irin waɗannan kwalaye, aka nuna su a babban baje kolin Venice na ƙasar Italiya a 2022, kuma a ƙarshen shekarar gidan Drawing Center na New York ya tara wasu fiye da ɗari.

Akwai gwaji na ƙarshe da ya fito daga cikinsu. Ana ɗaukar wasu daga waɗannan ƙananan zane a faɗaɗa su, a buga a babban yadi ta hanyar bugu da raga, irin wadda masu buga rubutu a riguna ke amfani da ita. Da yardarsa ake yi, kuma ya dace da tunaninsa na cewa ƙaramin zane iri ne da ke iya girma. Gidan Saatchi na Landan ya nuna irinsu a 2019. Suna da kwarjini, kuma masu sayen zane sun fi son abin da zai cika bangon falo. Sai dai ni a ganina girman nan daban yake da na kwalaye taran nan na Cornell. A can hannu ne ya bi layi har ya fita daga takarda, aka jona masa wata, kowane ƙari sabon abu ne da shi kansa mai zanen bai sani ba sai da ya iso. A nan kyamara da raga ne suka ninka abin da aka riga aka gama. Layin da ya yi rawa saboda hannun tsoho ya gaji yana fitowa da kauri, kamar da gangan aka yi shi, alamar ninkin kwali kuma, wadda ita ta faɗa wa alƙalami inda zai bi, ba ta cikin yadin.