Ina Aka Kwana Kan Gidajen Masu Ƙaramin Ƙarfi?

'Yan uwana mata, duk wadda ta taɓa zaman gidan haya ta san cewa wahalarsa a kan mace take ƙarewa. Maigida yakan fita tun da safe, ita ce za ta wuni da yara a ɗaki ɗaya, ta yi layin makewayi da na famfo, kuma ita mai karɓar haya zai tarar idan ya yi sallama. Saboda haka ya kamata mu san inda aka kwana game da gidajen da gwamnati ta sha yi wa talakawa alkawari.

A 1973, lokacin da kuɗin man fetur ya fara kwararowa, Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya. A shirin raya ƙasa na 1975 zuwa 1980 an yi niyyar gina gidaje 202,000, amma waɗanda aka gama ba su kai kashi 15 cikin 100 ba. Da Alhaji Shehu Shagari ya hau mulki a 1979, sai ya sa gidaje cikin manyan manufofinsa, watau gida 2,000 kowace shekara a kowace jiha, galibinsu ciki da falo domin masu ƙaramin albashi. Su ne har yau ake kira gidajen Shagari a Kaduna da Kano da sauran garuruwa.

To, amma abin da ya riƙe shirin shi ne ya kayar da shi. Farashin mai ya faɗi, a 1982 gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, 'yan kwangila suka watse suka bar kangaye. Wasu gidajen kuma an gina su can bayan gari, babu ruwa, babu makaranta, babu asibiti kusa. Ina amfanin gida mai arha ga mai naƙuda idan babu motar da za ta kai ta asibiti? Har sojoji suka karɓi mulki a ƙarshen 1983 ba a gina ko rabin abin da aka yi alkawari ba.

Daga 1986, zamanin gwamnatin Janar Babangida, sai gwamnati ta fara janye hannunta. A 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, aka ce a riƙa cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci, shi kuma ya nemi rance ta Bankin Ba da Lamunin Gidaje na Tarayya, wanda daga baya aka sa ruwansa kashi 6 cikin 100, a biya cikin shekaru har 30. Ke nan an sauke kayan daga kan gwamnati an ɗora wa ma'aikaci. Mai ƙosai da mai kitso da bazawara mai marayu kuwa, ba su da takardar albashi, ba su da takardar mallakar fili mai sa hannun gwamna, balle su tunkari banki. Ga shi a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a garuruwa da dama, masu gidaje kuma suka huce a kan 'yan haya.

Duk da haka zama bai kama mu ba. Ke ma'aikaciya, ki bincika a ofishinku ko kuɗin da ake cire miki yana isa asusun, domin hakkinki ne a mayar miki idan kin yi ritaya ba ki ci rance ba. Wadda mijinta ya rasu yana zubawa, magadansa suna da ikon nema. Masu adashe kuma su yi wa ƙungiyarsu rajista ta zama ta gama kai, su sayi fili su raba, kowace ta tabbata sunanta ne a takarda. Sannan idan 'yan siyasa suka zo neman ƙuri'a da atamfa da sabulu, mu tambaye su nawa aka ware wa gidajen talakawa a kasafin bana, nawa aka kashe a na bara, kuma su wa suka shiga gidajen.

Allah ya rufa mana asiri da muhalli namu na kanmu, amin.