Kifin ado a Achida: idan ka iya riƙe ruwa, ka iya riƙe kifi

Matasa da dama daga Achida, Wurno, Rabah da Goronyo suna yi mini tambaya iri ɗaya: sun sayi jan kifin nan na ado da ake kira golfish, sun zuba shi a kwanon gilashi, kafin sati biyu ya mutu, to mi ya kawo haka? Wasu su ce kambun baka ne, wasu su ce mai sayarwa ya cuce su. Amsar da nake ba su ba ta canzawa. A ƙasarmu abu biyu ke kashe wanga kifi: zafi da dattin ruwa. Yunwa ba ta cikin lissafi.

Asalin kifin daga ƙasar Sin yake, inda aka fi shekara 1,000 ana kiwonsa. Kifin ruwan sanyi ne, ya fi jin daɗi tsakanin digiri 18 zuwa 24, kuma idan ya samu kulawa yakan yi shekara 10 zuwa 15. Mu kuwa nan gabashin Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40. Ruwa kuma duk lokacin da ya ɗumama, iskar shaƙa da ke cikinsa raguwa take: a digiri 20 lita ɗaya na riƙe kusan miligiram 9 na oksijin, a digiri 30 sai ta koma wajen 7 da rabi. A daidai lokacin kuma jikin kifin ke ƙara buƙatar iskar. Tarwada tana da wata gaɓa da take shaƙar iskar sarari kai tsaye, shi ya sa take jure taɓon fadama. Golfish ba shi da irin ta. Idan ka gan shi a saman ruwa yana hamma da asuba, ba abinci yake roƙo ba, numfashi yake nema.

Maganar mazubi

Ɗan kwanon nan mai kamar tulu da ake gani a fina-finai, a manta da shi. Bakinsa tsukakke ne, iska ba ta shiga sosai, ruwansa kuma kaɗan ne, nan da nan yake ɗaukar zafi. Ni da jarka nake yi wa mutane lissafi: kifi ɗaya yana son wajen lita 75, wato jarka uku ta lita 25, kowane ƙarin kifi kuma a ƙara masa kusan lita 40. Mai faɗi ya fi mai zurfi. Wanda bai da kuɗin akwatin gilashi, babban bahon roba sabo, wanda bai taɓa ganin omo ko maganin feshi ba, zai yi aiki sarai.

Inda za a ajiye shi ma abin lura ne. Kada a sa shi kusa da taga mai rana, ko ƙarƙashin kwanon rufin da babu silin. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi ɗakin bulo sanyi da rana tsaka.

Dabarar bazara

Iyayenmu mata sun riga mu sanin wannan ilimi, don kuwa ruwan randa ba da kankara yake sanyi ba, tururin da ke fita ta jikin tukunyar ne ke tafiya da zafin. Da irin wannan hikima Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa tukunya cikin tukunya, har ya samu kyautar Rolex a 2000. Haka nake yi wa kifina: in jiƙa buhun algarara in lulluɓe gefen mazubin, in bar saman a buɗe da raga, in sa 'yar fanka tana busa fuskar ruwan. Ruwa zai riƙa raguwa, sai a riƙa cikewa. Ranar da zafi ya yi tsanani ana iya sa gorar ruwa mai kankara, a rufe, tana yawo a sama. Amma kar a zuba kankara kai tsaye, domin sauyin sanyi farat ɗaya shi ma yana kisa.

Injin busa iska kuwa, tunda kowa ya san halin wutarmu, a nemi mai batir ko mai aiki da sola. Ya fi duk wani ado da za ka saya wa akwatin muhimmanci.

Dattin da ido ba ya gani

Golfish maci ne, kuma mai yawan kashi. Kashinsa da ragowar abinci su ke zama amoniya, guba ce da ke ƙona wurin numfashinsa, kuma zafi na ƙara mata ƙarfi. Ruwa na iya zama garau alhali gubar na ciki. Akwai wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zama a soson matatar ruwa suna cinye ta, sai dai suna ɗaukar sati 4 zuwa 6 kafin su kafu. Saboda haka a fara da kifi ɗaya ko biyu, kuma soson a riƙa ɗauraye shi da ruwan da aka ɗebo daga mazubin, ba da sabulu ba.

Duk sati a kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan a zuba sabo, a bazara a yi sau biyu. Kada a juye duka lokaci guda. Ruwan famfo a bar shi ya kwana a buɗe saboda kulorin. Na burtsatse ma ya kwana, don yana fitowa da ƙarancin iska. Ruwan Gulbin Rima ko na madatsar Goronyo kuwa, ko da yana kusa, yana iya zuwa da ƙwayoyin cuta da tsutsotsi.

Abinci da cuta

Sau ɗaya ko biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu, shi ke nan. A gaya wa yaran gida: ban da burodi, ban da tuwo. Abincin tarwada ya yi musu nauyi idan shi kaɗai ne, a riƙa haɗa musu da dafaffen alayyahu ko ganyen zogale kaɗan.

Cutar da aka fi gani ita ce ɗigo-ɗigon fari kamar gishiri a jiki da fukafukai, kifin yana goga jikinsa da dutse. A canza ruwa, a narkar da gishiri giram 1 zuwa 3 a kowace lita, a zuba a hankali. Sabon kifi kuma a keɓe shi sati biyu kafin ya haɗu da na gida, yadda ake yi wa sababbin kaji. Ranar da ka kawo shi, bar ledar tana yawo bisa ruwan minti 20 kafin ka sake shi.

Shawarata ga mai son farawa: ya saya tsakanin Nuwamba da Janairu, lokacin sanyi, don kifin ya saba kafin bazara ta shigo. Idan kuma ka gaji da shi, ka ba wani, kar ka jefa shi gulbi, baƙon kifi yana ɓata wa na gida wurin zama.

Da yawanku burinku kududdufin tarwada ne ko na karfasa. To ku ɗauki wanga ɗan akwati a matsayin makaranta. Auna abinci, canza ruwa a kan lokaci, gane kifin da ba ya jin daɗi tun kafin ya kwanta, duk darasi ɗaya ne. Wanda ya fitar da golfish biyu daga watan Afrilun Achida da ransu, ba na jin tsoron ya zuba kuɗinsa a 'ya'yan tarwada 500.

Allah ya sa albarka a kiwonmu.