Cinikin Iznin Hayaƙi: Darasin Da Turai Ta Koya Da Wuya

A cikin shekarar 2005 ƙasashen Tarayyar Turai suka buɗe wata kasuwa wadda ba a sayar da kome a cikinta sai takardun iznin fitar da hayaƙi. Hukuma takan ƙayyade yawan iskar kabon, watau iskar da ke ɗumama duniya, wadda tashoshin lantarki da manyan masana'antu za su saki a shekara. Sa'an nan ta kasa wannan adadi takarda-takarda, kowace ɗaya a madadin tan guda. Kamfanin da ya rage hayaƙinsa ya sayar da rarar takardunsa, wanda ya zarce kuwa tilas ya saya. Kowace shekara kuma akan rage yawan takardun.

Wuyar al'amarin tana wajen farashi. In takarda ta yi araha, babu mai damuwa da rage hayaƙi. In ta yi tsada ainun, masana'antu su ƙaura zuwa ƙasashen da ba su da wannan doka, ma'aikata su rasa abin yi.

Arahar ce ta fara cin Turai. Da farko gwamnatoci sun raba takardu kyauta fiye da bukata. A watan Afrilu na 2006 takarda ta kai wajen yuro 30, amma da aka bayyana ainihin hayaƙin da kamfanoni suka fitar, sai farashi ya rushe, har ya kasa yuro 1 a 2007. Karayar tattalin arziki ta 2008 ta ƙara dagula lamarin, domin masana'antu sun rage aiki. Zuwa 2013 rarar takardu ta kai kimanin miliyan dubu 2, farashi kuwa ya faɗi ƙasa da yuro 5. Hausawa sun ce araha ba ta ado: mai tashar kwal ya gwammace sayen takarda da sake injinsa.

Maganin da Turai ta samo shi ne rumbun ajiya, wanda ya fara aiki a 2019. Aka tsara cewa in rarar da ke hannun 'yan kasuwa ta haura takardu miliyan 833, a janye wani kaso a adana; in ta gaza miliyan 400, a fito da waɗansu. A watan Fabrairu na 2023 farashi ya haura yuro 100. Birtaniya kuwa tun 2013 ta ɗora wa tashoshinta ƙarin haraji don kada kuɗin hayaƙi ya yi ƙasa, ta kuma rufe tashar kwal ɗinta ta ƙarshe a 2024.

Ta fuskar tsada, masu ƙarfe da siminti sun ci gaba da samun takardu kyauta. Domin a janye wannan rangwame sannu a hankali, Turai ta ƙirƙiro kuɗin kan iyaka bisa irin waɗannan kaya in an shigo da su daga waje, aka soma gwajinsa a watan Oktoba na 2023.

Zuwa 2023 hayaƙin tashoshi da masana'antun da ke cikin shirin ya ragu da kusan rabi bisa na 2005, abin da ake nema kuwa shi ne ragin kashi 62 cikin 100 a 2030. Duk ma'aikacin da aka ɗora wa tsara irin wannan kasuwa, lalle ne ya fara auna hayaƙi daidai kafin ya raba takarda, ya kuma tanadi hanyar janye rara tun ranar farko.